Watanda ko Fomula: Hanyoyi Biyu na Raba Tazara

Daga Potiskum zuwa Damaturu tafiyar kimanin kilomita 100 ce. A ɗora Potiskum kan sifili a layin lambobi, Damaturu kuma kan 100. Direba ya tsaya sallah a inda hanyar da ya ci ta kai kaso 2, wadda ta rage masa kaso 3. A ina ya tsaya? Ɗalibin da ke shirin WAEC ko NECO yana da hanyoyi biyu.

Ta farko ita ce ta masu watanda. Duk wanda ya ga an haɗa kuɗi an sayo sa a kasuwar shanun Potiskum gabanin Sallah ya san ta: a ƙirga kaso, a raba daidai, kowa ya ɗauki nasa. Kaso 2 da kaso 3 sun zama 5, kowane kaso kilomita 20 ke nan, don haka direba yana kan kilomita 40.

Ta biyu ita ce fomular littafi. A ninka lambar farko da kason ƙarshe, a ninka ta ƙarshe da kason farko, a tara, a raba da jimillar kaso. Sifili sau 3 da 100 sau 2 sun ba da 200, a raba gida 5, a sami 40. Amsa ɗaya, amma waccan ido na ganin kowane taki, wannan kuwa hadda ce ke ja gaba.

Bambancinsu yana fitowa idan layin ya faro ƙasa da sifili. A ce daga -4 zuwa 11, kaso 2 da kaso 1. Mai watanda sai ya fara gano tazarar 15 ce, ba 7 ba, sannan ya tuna cewa takinsa 10, wato kaso 2 cikin uku na tazarar, daga -4 zai ɗauke su, ya sauka kan 6. Wurin tuntuɓe biyu ke nan. Mai fomula kuwa layi ɗaya ya ishe shi: -4 da 22 sun ba da 18, a raba uku, 6.

Sai dai saurin yana da tarko. In mai fomula ya musanya kason, zai sami 1, kuma babu abin da zai ankarar da shi. Mai watanda da ya zana layinsa zai ga 1 ta fi kusa da mafari, alhali kaso mafi yawa yana baya. Shi kuskurensa a fili yake, na mai fomula kuwa a ɓoye.

Saboda haka fomula ta fi sauri a zauren jarrabawa, watanda ta fi dasa fahimta a aji. Malam, ka fara sa yara su zana layi su kasa shi da hannunsu, fomula ta biyo baya.