Abin da Ke Cikin Taɓon Bakin Teku

Wanda ya fara zuwa Kalaba ko Fatakwal daga Arewa, idan ya leƙa gefen koguna inda suke shiga teku, abin da zai gani baƙin taɓo ne mai wari da wasu itatuwa da saiwoyinsu ke tsaye a waje. Yawanci sai ya toshe hanci ya wuce. Wannan itace shi ake kira mangirob, kuma babu ƙasar Afirka da ta kai Najeriya yawansa, mafi yawa a Neja Delta.

Kallon wannan daji yana da lokaci. Sau biyu a rana ruwan teku yake cikowa ya janye, saboda jan da wata ke yi masa. A jira sai ya janye, a sami wuri a zauna shiru, don motsi kaɗan ke korar komai cikin rami. Can sai kaguwa su fara fitowa. Akwai wata irin kaguwa da namijinta ke da hannu ɗaya ƙato, yana ɗaga shi yana kaɗawa don jawo mace da korar abokin hamayya. Akwai kuma wani ɗan kifi mai idanu a saman kai, wanda ke barin ruwa ya yi ta tsalle a kan laka, yana shaƙar iska ta fatarsa muddin tana da danshi. Tsuntsaye masu dogon baki da ke caccakar taɓon, wasunsu baƙi ne daga Turai, sun gudo wa sanyi, kamar waɗanda ke sauka a fadamar Haɗeja da Nguru.

Saiwoyin nan da ke waje ba ado ba ne. Taɓon ba shi da iska, don haka ta cikinsu itacen ke numfashi. A tsakaninsu kuma ƙananan kifi da jatan lande ke ɓuya har su girma. Ke nan busasshen kirefish ɗin da uwargida ke dakawa a miya a Kano yana da alaƙa da wannan laka.

Sai dai dajin yana ja da baya. Ana sare shi don bandar kifi, malalar ɗanyen mai na kashe shi, kamar yadda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni ya nuna a 2011. Ga kuma kwakwar nipa da aka shigo da ita Kalaba a 1906, wadda ta bazu tana cinye masa wuri.

'Yan'uwanmu masu fatauci da zama a waɗannan garuruwa, ku tambayi masunta lokacin janyewar ruwa, ku ɗauki yara ku je su gani da idonsu.