Yadda Ake Gina Shafin Intanet Mai Amsa Tambaya

Duk ɗalibin da ya taɓa duba sakamakon jarrabawar JAMB ta intanet ya san yadda abin yake. Zai shigar da lambarsa, cikin 'yan daƙiƙoƙi sai ga shafi ɗauke da sunansa da makin da ya samu. Masu rubuta wannan jarrabawa a kowace shekara sun haura miliyan ɗaya, kuma babu wani ma'aikaci da ya zauna ya rubuta wa kowannensu shafi. Hasali ma shafin ba ya wanzuwa sai a lokacin da aka neme shi. Abubuwa biyu ne ke haɗuwa su samar da shi, wato shirin umurni da ke aiki a kan saba, da kuma rumbun bayanai mai alaƙa.

Shafi Tsayayye da Shafi Mai Sauyawa

A shekarar 1989 ne Tim Berners-Lee, wani masani ɗan ƙasar Ingila da ke aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da birnin Janeba, ya gabatar da tsarin yanar gizo. Shafukan farko tsayayyu ne. Ana rubuta su da harshen HTML, a ajiye a wata kwamfuta da ake kira saba, kuma duk wanda ya nema abu guda zai gani, kamar sanarwar da aka manna a allon makaranta. Idan ana son gyara, sai mai shafin ya buɗe shi ya gyara da hannu.

Daga shekarar 1993 aka samu hanyar da saba za ta riƙa gudanar da wani ƙaramin shiri kafin ta ba da amsa. A 1995 kuma Rasmus Lerdorf ya fitar da PHP, harshen da aka ƙirƙira musamman domin wannan aiki. Da shi aka rubuta Facebook a farkonsa cikin 2004, kuma da shi aka rubuta manhajar MediaWiki wadda ke ɗauke da Wikipedia, har da ta Hausa. Akwai wasu harsunan da ke yin irin wannan aiki, kamar Python da Java.

Abin da ke faruwa shi ne, burauzar mai nema takan aika da buƙata zuwa ga saba. Shirin da ke can sai ya karanta buƙatar, ya tambayi rumbun bayanai, ya karɓi amsa, ya shirya ta cikin HTML, sa'an nan ya aiko. Mai nema ba ya ganin umurnin da aka rubuta, sakamakon kawai yake gani.

Rumbun Bayanai Mai Alaƙa

Edgar Codd, masanin lissafi a kamfanin IBM, shi ne ya fito da wannan tsari a 1970. Ra'ayinsa shi ne a ajiye bayanai cikin jadawalai, kowane layi ya ƙunshi abu guda, kowane abu kuma ya samu lambar da babu mai irinta, wadda ake kira mabuɗi. Ta hanyar waɗannan lambobi ne jadawali ke ƙulla alaƙa da ɗan'uwansa.

Misali daga ilimin tsirrai zai fayyace amfanin hakan. A ce ƙungiyar kimiyya ta wata makaranta tana son tattara bayanan itatuwa. Za ta buɗe jadawali na nau'o'i, inda za a rubuta kuka da tsamiya da ɗorawa da gawo tare da sunayensu na kimiyya. Za ta buɗe na biyu na jinsi, da na uku na dangi. Kukar ƙasarmu, wato Adansonia digitata, ɗaya ce daga cikin nau'o'i takwas na jinsin Adansonia. Shida daga cikinsu a tsibirin Madagaska suke, ɗaya kuma a Ostareliya.

A da masana suna sanya wannan jinsi a dangin Bombacaceae. Amma a 1998, bayan nazarin ƙwayoyin gado, sai aka shigar da shi cikin dangin Malvaceae, ya zama kuka ta haɗa dangi da kuɓewa da rama da auduga. Wanda ya rubuta sunan dangi a gaban kowane nau'i, sai ya bi layi takwas yana gyarawa, kuma idan ya manta da guda, bayanansa sun saɓa wa juna. Wanda ya bi tsarin Codd kuwa wuri ɗaya zai gyara, a jadawalin jinsi, sauran duka su daidaita. Babbar ƙa'idar ke nan: kowane bayani a rubuta shi sau ɗaya, a wuri ɗaya.

Harshen Tambaya

Ana yi wa rumbun tambaya ne da harshen SQL, wanda Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka tsara a IBM cikin 1974. Ga misalin umurni guda:

SELECT suna FROM jinsi WHERE dangi = 7

Ma'anarsa ita ce, zaɓo sunayen da ke jadawalin jinsi waɗanda lambar danginsu 7 ce. Idan lamba 7 ta dangin wake ce, amsar za ta haɗa da jinsin tsamiya da na ɗorawa da na gawo, domin dukansu dangin wake ne. Daga cikin manhajojin da ke jin wannan harshe akwai MySQL, wadda ta fito daga ƙasar Suwidin a 1995, da MariaDB da PostgreSQL. Duka ana samun su kyauta.

Inda Hatsari Yake

Wajibi ne mai koyo ya san cewa ba kowane mai ziyartar shafi ke da kyakkyawar niyya ba. Idan shiri yana ɗaukar abin da baƙo ya rubuta ya liƙa shi kai-tsaye cikin umurnin SQL, to ɓarawo na iya rubuta nasa umurnin a gurbin da aka tanada domin suna, rumbun kuma ya yi masa biyayya. Ta wannan hanya ce aka kutsa wa kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila cikin 2015, aka kai ga bayanan mutane kusan 157,000, hukuma kuma ta ci tarar kamfanin fam 400,000 a 2016. Maganin abin shi ne a aika da umurni daban, abin da baƙo ya rubuta daban, ta yadda rumbun ba zai ɗauki na biyun a matsayin umurni ba. PHP yana da hanyar yin haka. Har ila yau, ba a ajiye kalmar sirri yadda take, sai an rikiɗa ta ta hanyar lissafin da ba ya juyuwa baya.

Matakan Koyo

Wanda zai shiga wannan fage ya kamata ya fara da HTML, har ya iya tsara shafi da fom na shigar da bayani. Daga nan ya koma kan SQL, kuma ya riƙa zana jadawalansa a takarda kafin ya taɓa kwamfuta, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Rumbun da aka tsara ba daidai ba yana da wuyar gyara bayan ya cika. Sa'an nan ya koyi PHP, ya haɗa biyun. Ba ya buƙatar intanet a kullum, domin manhajar XAMPP tana mayar da kwamfutar makaranta ta zama saba da rumbu a lokaci guda.

Akwai kuma abin da ya shafi mai rubutu da Hausa musamman. Tun ranar da ya buɗe rumbun, ya zaɓi tsarin haruffa na UTF-8, wanda a MySQL ake kira utf8mb4. Idan ya bar rumbun a kan tsohon tsarin haruffan Turai, to ɓ da ɗ da ƙ za su koma alamar tambaya, kuma wanda ya nemi ɗorawa ba zai same ta ba. Malamin da ke son gwada ɗalibansa yana iya sa su tattara itatuwa ashirin da ke harabar makaranta, su rarraba su cikin jadawalai uku, su gina shafin da zai kawo sunan kimiyya da dangi idan aka rubuta sunan Hausa.