Me ya sa wata caja take zafi, wata kuma ba ta yi?

Wanda ya taɓa riƙe adaftar tsohon rediyo ya san nauyinta. A cikinta akwai taransifoma ta ƙarfe da waya ta tagulla, wadda ke rage wutar gida kai-tsaye. Wutar da NIGELEC ke kawowa bolt 220 ce, tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, kuma a irin wannan jinkirin dole ƙarfen ya yi girma. Kusan rabin wutar a zafi take ƙarewa.

Cajar waya ta yau, ko sharjer kamar yadda muke cewa, wata dabara take bi. Da farko tana miƙe wutar ta zama mai tafiya gefe ɗaya, kimanin bolt 310. Sai wani ɗan makunni da ake kira taransisto ya riƙa kunna ta yana kashewa sau dubu goma-goma, har fiye da sau 100,000 a daƙiƙa. Da wannan saurin, taransifoma da ba ta wuce girman goro ba ta isa ta sauko da wutar zuwa bolt 5 da waya ke buƙata. Akwai kuma ɗan mai gadi da ke auna abin da ke fita: in wuta ta yi ƙasa ya ƙara tsawon kunnawar, in ta hau ya rage. Shi ya sa ake rubuta 100–240V a jikin caja mai kyau, tana jure faɗuwar wuta da maraice. Kwamfutar Apple II ta 1977 tana cikin waɗanda suka fara shigar da wannan tsari gidajen mutane.

Caja mai inganci tana isar da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na wutar da ta sha. Sauran shi ne zafin da hannu ke ji, kuma a nan injiniyoyi ke shan wahala. Duk kunnawa da kashewa na cin ƴar wuta. A ƙara sauri, caja ta ƙanƙance amma asara ta ƙaru; a rage, sai ta yi girma. Sababbin caja masu rubutun GaN suna amfani da wani sinadari mai saurin kunnawa da ƙarancin asara, shi ya sa ƴar mitsitsiya ke iya cajin kwamfuta.

Zafin nan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da watan Afirilu ke wuce digiri 40. Ƴan kwalaben da ke tace wuta a cikin caja, kondansato, rayuwarsu na raguwa da kusan rabi duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. Mai sana'ar cajin waya da hasken rana a Maradi ko Damagaram ma ya sani: wutar da ta zama zafi daga baturinsa ta fita.

Abin da ya fi damuna shi ne inda masu kwaikwayo ke rage kuɗi. Sukan cire matatar wuta, su matse tazarar da ke raba ɓangaren bolt 310 da wayar da ke zuwa hannunka. Alamun ba su ɓuya: fuskar waya na rikicewa lokacin caji, caja na ƙara kamar sauro, ko ta yi zafin da yatsa ba zai jure ba. Irin wannan a cire ta daga bango, kada a kwana da ita kusa da katifa.