Zuma Farar Saƙa Ko Narkakken Sukari? San Mai Amya Kafin Ka Biya

A bakin masallatan Juma'a, a tashoshin mota, a shagunan magungunan Musulunci, da wuya ka rasa mai tallan zuma, kuma kowannensu rantsuwa yake yi cewa tasa farar saƙa ce, jiya aka sauke ta daga daji. Mai saye kuwa sau da yawa lalura ce ta kawo shi. Wani tari ne ya hana ɗansa barci, wani ƙirjinsa ke zafi, wani an ce ya haɗa ta da habbatus sauda ya riƙa lasa da safe. Matsayin da Alƙur'ani ya ba zuma a Suratun Nahli ya sa mutanenmu ke kallonta a matsayin waraka, shi ya sa algus a cikinta ya fi na kowane kayan masarufi ciwo, domin mara lafiya ake cuta. Abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne, da zarar zuma ta shiga kwalba, ido da harshe ba su isa su tantance ta ba. Abin dogaro mafi ƙarfi da ya rage wa talaka shi ne sanin wanda ya kiwata ta da inda amyarsa take.

Kada wani ya ɗauka wannan cuta a kasuwanninmu kaɗai take. A shekarar 2023 Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon binciken da ta yi kan zumar da ake shigar mata daga waje. Cikin samfura 320 da aka auna, 147, wato kashi 46 cikin ɗari, an yi zargin an gauraya su da ruwan sukari. Lamarin ya kai ga Apimondia, babbar ƙungiyar masu kiwon zuma ta duniya, ta sanar cewa ba za ta ba da kyautar zuma mafi inganci ba a taronta na 2025 a Denmak, saboda ba ta da tabbacin za ta iya kama duk mai ha'inci. Dalili kuwa shi ne masu algus sun ci gaba. Da can ruwan sukarin rake da na masara suke zubawa, har masana suka gano hanyar kama su a ɗakin gwaji. Sai suka koma ga ruwan sukarin shinkafa da na alkama, waɗanda wancan tsohon gwajin ba ya gani. To idan ƙwararru masu na'urorin miliyoyi suna shan wahala haka, me tsinken ashana zai iya?

Ashana dai ita ce shaidar da mai talla ya fi so. Zai tsoma kanta cikin zuma ya kyasta, ta kama, ya ce ka gani da idonka. Abin da wannan ya nuna kawai shi ne babu ruwa da yawa a cikin abin da aka tsoma, kuma sukarin da aka dafa ya yi kauri shi ma zai ci wannan jarrabawa. Haka gwajin ɗiga ta cikin kofin ruwa a ga ko za ta zauna a ƙasa: kauri yake aunawa, kauri kuwa kowa na iya yinsa a tukunya da sukari ko mazarƙwaila ko maɗi. Masu cewa tururuwa ba ta hawa zuma ta gaske ba su tambayi masu kiwo ba, domin tururuwa da cinnaka suna cikin manyan abokan gaban amya. Mafi ban takaici shi ne batun daskarewa. Jama'a da yawa in sun ga zuma ta yi gari-gari a gindin kwalba lokacin hunturu, sai su ce an zuba mata sukari. Alhali zuma kanta sukari ce iri biyu, ɗaya kusan kashi 38 cikin ɗari, ɗaya kusan 31, kuma shi wannan na biyun ɗabi'arsa ce ya daskare in sanyi ya sauka. Zumar wasu furanni kan daskare cikin makonni, ta wasu kan daɗe ba ta yi ba. Saboda wannan jahilci, mai gaskiya kan rasa ciniki, har wasu su koma tafasa zumarsu don ta zauna ruwa-ruwa yadda kasuwa ke so, su lalata ta da hannunsu. Launi ma ba hujja ba ne, tun da furen da ƙudan zuma ya sha shi ke ba ta launi da ƙamshi. Ta ɗorawa daban, ta kaɗanya daban, ta lemu daban, wata ma har da ɗan ɗaci-ɗaci.

Akwai dai ma'auni na gaskiya. Ƙa'idar abinci ta duniya wadda Hukumar Abinci da Noma da Hukumar Lafiya ta Duniya suka tsara tare ta ce ruwan da ke cikin zuma kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari, sukari irin na rake kuma kada ya wuce kashi 5, ban da wasu 'yan nau'o'in zuma da aka ware. Amma waɗannan aikin na'ura ne, mai saye a tasha ba shi da hanyar auna su. Wannan ne ya sa zuwa gona ya fi duk wata dabara. Wanda ya je gonar da ake kiwon zuma, ko lambun mangwaro da lemu da aka jera akwatunan kiwo a gefensa, zai ga abin da kwalba ke ɓoyewa. Zai ga amya nawa mutumin yake da su, sai ya gwada da yawan zumar da yake sayarwa. Zuma tana da kaka kamar kowane amfanin gona. A ƙasar Hausa an fi ɗibarta daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, bayan itatuwa sun yi fure. Mai amya goma da kullum jarkokinsa ke cike, rani da damina, akwai tambayar da ya kamata ya amsa. Sannan mai saye zai iya neman a sayar masa da zumar cikin saƙarta, ko a tace a gabansa. Ƙudan zuma ba ya liƙe bakin saƙa da kaki sai ya busar da ruwan furen ya sauko kusan kashi 18 cikin ɗari, don haka saƙa a rufe alama ce ta zuma ta nuna. Bayan wannan duka akwai kunya. Wanda ka san gidansa, ka san za ka dawo baɗi, yana da mutuncin da zai kare, saɓanin wanda ya miƙo maka kwalba ta tagar mota.

Wani zai ce ai zumar ƙauye ita ma ba tsarkakakkiya ba ce, kuma ya yi gaskiya. Mai ɗiban zuma na gargajiya yakan hau bishiya da dare da bakin wuta, ya ƙone ƙudajen, ya kwaso saƙa duka, da mai zuma da mai tsutsa da wadda ba ta nuna ba, ya matse su wuri guda. Irin wannan ba a zuba mata sukari ba, amma tana da ƙaurin hayaƙi da toka, ruwanta ya yi yawa, bayan 'yan makonni sai ta fara kumfa da tsami. Wasu kuma a kan wuta suke narka saƙar, zafin ya kashe sinadaran da ke cikinta. Mai kiwo ma yana iya yin ha'inci tun daga amya, ya riƙa ɗirka wa ƙudajen ruwan sukari a lokacin da suke tara zuma. Ga batun mazubi: jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba ta wankuwa ta koma ta abinci. A lambu kuwa akwai haɗarin feshin maganin ƙwari lokacin da itatuwa ke fure, wanda ke kashe ƙudan zuma, wani lokaci ya bar saura a cikin abin da suka tara. Duk waɗannan gaskiya ne, sai dai kowace ɗaya daga cikinsu a gona ake gane ta. Can ne za ka tambaya: da wuta kake ɗiba ko da tukunyar hayaƙi? Yaya kake tacewa? Yaushe kake feshi? Ina mazubinka? Wanda ke aiki da akwati mai sanduna, irin wanda aka inganta a Kenya a shekarun 1970, yana iya zaro saƙar da ta nuna ya bar ta 'ya'ya, kuma zai ji daɗin nuna maka. Wanda tambaya ta ɓata wa rai, ka riƙe kuɗinka.

Wani kuma zai ce magidancin da ke Kano ko Maraɗi ina ya ga lokacin zuwa daji neman amya, ga kuma tsada. Ba sai kowa ya je ba. Abokan aiki ko 'yan majalisa ɗaya suna iya haɗa kuɗi su tura mutum guda a lokacin kaka ya sayo ta shekara, tun da zumar da ta nuna ba ta lalacewa in an rufe ta da kyau a kwalba. Wanda dole sai a kanti zai saya, ya duba lambar rajistar hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, da sunan mai yi da adireshin da za a iya bi, yana sane da cewa lamba ma ana buga ta jabu. Tsada kuwa, lita ɗaya ta zuma tana kai nauyin kilo 1.4, kuma amya ta gargajiya 'yan kilo kaɗan take bayarwa a shekara. In ka ga farashinta ya matso kusa da na sukari, to sukarin ka saya, ka kuma biya kuɗin magani. Kamaru ta nuna cewa asali ana iya kare shi: tun 2013 aka yi wa farar zumar Oku rajistar yanki, ta yadda ba kowa ke da ikon liƙa wannan suna a kwalbarsa ba. Masu kiwon zuma na Najeriya da Nijar suna da abin koyi a nan.

Wanda zai je lambu da iyali ya tuna ƙudan zuma na Afirka mafaɗaci ne. A bar yara nesa da amya, kada a yi turare mai ƙarfi, kada a yi jifa ko hayaniya, kada kuma kowa ya matsa sai da kayan kariya da izinin mai gona. Wanda aka harba ya fara kumburin fuska ko maƙogwaro ko numfashi ya gagare shi, asibiti za a nufa nan take.

Ko an sami zuma ta gaske, akwai waɗanda za ta iya cutarwa. Mai ciwon sukari da aka ce masa zuma ba ta da illa an yaudare shi, domin tana ɗaga sukarin jini. Ya nemi shawarar likitansa. Zumar da ake haɗawa a sayar da sunan maganin maza ita ma abin tsoro ce. A 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi wasu kamfanoni bayan ta gano sinadaran da ke cikin Viagra da Cialis a ɓoye cikin irin wannan zuma, kuma waɗannan sinadarai suna iya kayar da hawan jini ƙasa warwas ga mai shan wasu magungunan zuciya. Mafi muhimmanci shi ne jarirai. Zuma, komai kyanta, tana iya ɗauke da ƙwayar wata cuta mai suna botulizim, wadda hanjin babba ke iya murƙushewa amma na jariri bai yi ƙwari ba. Takan fara da rashin yin kashi da kasala wajen tsotso, ta kai ga shanyewar jiki da tsayawar numfashi, kuma dumama zumar ba ya kashe ƙwayar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan haka. Iyaye mata, kakanni da ungozomomi, don Allah kada a lasa wa jariri zuma, ko ranar haihuwa ko don tari, sai ya cika wata goma sha biyu.