Haƙuri Daban, Juriya Daban, Ƙarko Daban

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wata gardama da ta tashi a rumfar mai shayi a Adumri bayan an tashi kasuwa. Wani yaro cikin masu tasowa ya ce wai haƙuri da juriya da dauriya duk abu ɗaya ne, yawan baki ne kawai irin na Bahaushe. Na ce masa a'a ɗana, wanda bai rarrabe su ba yana iya asarar jarinsa yana zaton ibada yake yi.

Juriya dai ta jiki ce, mutum da dabba duk suna da ita. Jan san Bororo mai dogon ƙaho, wato rahaji, ana koro shi a ƙasa tun daga bakin iyakar Cadi, ya sha rana da ƙishirwa, ya iso yana tsaye da ƙafarsa. Gudalin Ngaundare ya fi shi cika ido, amma sa shi wannan tafiya ka ga yadda tozo zai zube. Shi ya sa mai hankali ke duba hanyar da zai bi kafin ya taya. Dauriya kuwa cije haƙori ce ta ɗan lokaci, kamar ɗan kora da ƙaya ta soke shi a burtali, ya daure har zango. Tana da wa'adi. In ta wuce wa'adinta ta zama cuta.

Ƙarko na kaya ne: igiya, takalmi, har kuɗi. A da muna cewa sefa ta fi naira ƙarko, wasu har a ƙarƙashin katifa suke tara ta. A watan Janairun 1994 aka wayi gari an raba darajarta biyu. Ina saurayi a lokacin, ina bin maigidana tsakanin Garwa da Mubi, na ga dattijai sun yi tagumi. Wanda ya bar dukiyarsa a kan ƙafa huɗu shi ya yi barci a daren.

Ita ɗorewa ta harka ce da zumunci. Da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a watan Oktoban 2014, da kuma lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, masu jari da yawa sun durƙushe. Waɗanda na ga cinikinsu ya ɗore su ne masu amana da mai masaukinsu a ƙetare. Dawwama kam ta Allah ce shi kaɗai, kada a jingina ta ga riba ko ga masifa. Bushiyar 1983 ta share garkuna har iyayenmu suka ɗauka ta zo ke nan, ga shi a 2011 an bayyana cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya, da taimakon rigakafi irin wanda aka riƙa haɗawa a LANAVET da ke Bokle, nan kusa da Garwa.

To, sai haƙuri, wanda abokan zamanmu Fulani ke kira munyal. Shi na zuciya ne. Malamanmu na Islamiyya sun kasa shi uku: haƙurin yin ɗa'a, haƙurin barin saɓo, da haƙuri a kan ƙaddara. Sa ya faɗi a tirela, ko Binuwai ta cika ta ci maka dabba wajen ƙetarewa, nan ne wurinsa. Amma mutum ya karɓi shanunka 12 bashi, ya kai Legas ya sayar, watanni 8 kullum "Alhaji ka yi haƙuri", wannan fa ba ƙaddara ba ce, mai hali ne yake ja maka rai. Abin da ke wurin naci ne da shaidu da rubutu.

Ni ma ya same ni da wani dillali. Na yi shiru har shekara ta zagayo, ina ce wa kaina mahaƙurci mawadaci. Ranar da na kai maganar gaban shugabannin ƙungiya da takarda a hannu, kasuwa uku ba ta cika ba ya kawo rabin kuɗin. Sauran ya ce sai bayan Babbar Salla, an kuwa rubuta.