Tsadar Lantarkin Haɗewar Ƙwayar Zarra: Darasi Daga Habbena

A unguwar Habbena da ke Njamena, babban birnin Chadi, ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne, musamman da bazara. Mai walda da mai sayar da ƙanƙara kan koma ga janareto, kuɗin mai kuma ya cinye riba. Yawancin lantarkin birnin ma daga ƙona mai ake samunsa, shi ya sa yake da tsada.

Masana kimiyya na neman wata hanya, wato haɗewar ƙwayar zarra. Ita ce hanyar da rana take samar da zafinta: ƙwayoyin haidirojin ne suke haɗewa, sai su saki makamashi mai yawa. Makamashin aikin ba shi da tsada sosai, domin ana iya tace wani sashe nasa daga ruwan teku. Tsadar tana wajen gina tasha.

Misali shi ne aikin ITER da ake yi a kudancin Faransa, wanda Tarayyar Turai da Amurka da Sin da Indiya da Japan da Rasha da Koriya ta Kudu suka haɗa hannu a kansa. Da farko an ƙiyasta zai ci kimanin Yuro biliyan 5, amma kuɗin ya haura biliyan 20. A 2024 aka ɗage cikakken gwajinsa zuwa 2039, kuma ko an kammala shi, ba zai sayar da lantarki ba.

A Disamba 2022, wani ɗakin bincike a Kalifoniya ya sami makamashi megajul 3.15 daga megajul 2.05 na hasken leza. Sai dai na'urorin lezar sun sha kusan megajul 300.

Dalilin da ya sa wannan ya shafi Habbena shi ne, tashar da gininta ya yi tsada, da bashi ake gina ta, kuma mai biyan kuɗin wuta ne yake biyan bashin da kuɗin ruwansa. Babbar tasha kuma tana bukatar layukan rarraba wuta masu ƙarfi, waɗanda Chadi ba ta da isassu.

A ɗaya ɓangaren, farashin lantarkin hasken rana ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2023. Saboda haka, kafin haɗewar zarra ta shiga kasuwa, sai ta fi faifan sola da batir araha. Ga mai walda a Habbena, sola ita ce ta kusa.