Injin ban ruwa ya yi yaji? Mu fara dubawa kafin mu kira mai gyara

Ƴan uwa mata, bara a tsakiyar watan Afrilu injin ban ruwan garkarmu ya yi mana yaji. Yana tashi, yana ƙara kamar kullum, amma ko ɗigon ruwa babu. Kwana huɗu muna jiran mai gyara daga birni. Salati ya kwanta, tumatir ya zubar da fure. Da ya iso bai kwance ko noti ɗaya ba. Ya bi tiyon da ke shiga rijiya da hannu, ya nuna mana wata ƴar tsaga, ya naɗe ta da robar taya, sai ga ruwa. Muka biya kuɗin aiki, muka biya kabu-kabu zuwa da komawa, duka daga asusu.

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, mata sun ƙware wajen tattalin kuɗi. Injin da muka saya da zubinmu shi ma dukiya ne, ya kamata mu san halinsa.

Yana ƙara amma babu ruwa

Injin nan zuƙo ruwa yake yi, kamar mai shan lemu da tsinke. In tsinken ya huje, iska za a sha. Don haka mu fara da abu uku.

Na farko, a buɗe murfin da ke saman fanfon a cika cikinsa da ruwa kafin a tada shi. Kada a bar shi yana juyawa a bushe ko na ɗan lokaci, domin abin da ke toshe yoyo tsakanin fanfo da inji ƙonewa yake, kuma wannan sai an sayi sabo.

Na biyu, a bi tiyon zuƙa tun daga bakin inji har ƙarshe. Tsaga, ko mahaɗin da ya yi sako-sako, ko robar mahaɗi da ta cinye, kowanne ya isa ya hana ruwa hawa.

Na uku, a ɗago ƙarshen tiyon a duba rariyarsa. Ganye, leda da laka suna toshe ta. A maida ta cikin ruwa sosai, amma kada ta kwanta a ƙasan rijiya, don rairayi yana cinye farfelar da ke cikin fanfo.

In duk wannan lafiya lau ne, a auna zurfi da igiya. Injin da ke zaune a bakin rijiya ba ya iya jan ruwan da ya wuce mita bakwai zuwa takwas, komi sabuntarsa. Daga Maris zuwa Mayu ruwan rijiyoyi yana ja baya, sai mu ɗora wa inji laifin da ba nasa ba.

A nan akwai gargaɗin da ya shafi rai. Wasu sukan sauke injin cikin rijiya don ya kusanci ruwa. Hayaƙinsa yana taruwa a ƙasa, kuma gubar da ke ciki ba ta da wari, ba a ganinta. Mutum zai shiga ya ji jiri ya faɗi, wanda ya bi shi ceto ma haka. Kada mu yarda ɗa ko miji ya shiga rijiyar da inji ke aiki a ciki, ko wadda aka kashe shi bai daɗe ba.

Ya ƙi tashi sam

Kar a yi ta jan igiya har kafaɗa ta sage. Akwai isansi? An buɗe makunninsa? Isansin kwalba da ya haɗu da ruwa ko ƙura yana toshe hanyar mai, gara a tace shi da tsumma mai tsabta. A duba baƙin mai: injuna da yawa suna ƙin tashi in ya yi ƙasa. A kwance buji, in ya yi baƙi a goge. Soson da ke tace iska kuwa, lokacin hunturu ƙura ke cika shi, a wanke a bari ya bushe sarai. Sabon inji ana yi masa juyen mai bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100.

Mai aiki da rana da na hannu

Masu fanfon hasken rana, in ruwa ya ragu ku fara kallon farantan. Ƙura, kashin tsuntsu ko inuwar reshe ɗaya suna rage ƙarfi. A wanke da safe ko da marece da ruwa da tsumma mai laushi. Wayoyi da akwatin lantarki kuwa a bar wa masu sani.

Fanfon hannu na unguwa in sai an daɗe ana bugawa da safe kafin ruwa ya zo, yoyo ne a ƙasa. In hannun ya yi sakayau ba nauyi, sarƙa ko sandar ciki ce ta rabu. A tsaya, a sanar da kwamitin ruwa.

Abin da muka tsaida

Yanzu duk ranar zubi muna ware wani abu a akwatin gyara, ba a ba da shi bashi. Sakatariya tana rubuta awannin da inji ya yi da ranar juyen mai. Mun ajiye buji, robar mahaɗi da igiyar ja. Mata biyu kuma su ke tsayawa kan mai gyara duk sadda ya zo, suna kallo suna tambaya. Sauran aikin da ya fi ƙarfinmu, kamar buɗe cikin inji, nasa ne, kuma muna biyansa da daɗin rai.

Ku kai wannan magana taronku na mako mai zuwa, tun ruwa bai ja baya ba. Allah Ya sa albarka a garake.